Yadda Ake Gwada Amincin Takardar Tambayoyin Halayya Kafin a Dogara da Ita

A babi na uku na kundin ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam, da na tsangayar ilimi, da na masu karanta harkar kula da ma'aikata, akwai wata jimla da take yawan fitowa a nan Kaduna: "An yi amfani da takardar tambayoyi kaza, wadda amincinta ya kai 0.80." In ka tambayi ɗalibi inda ya samo lambar, sai ya buɗe maka wata maƙala da aka rubuta kan ɗaliban wata jami'a a Amurka, waɗanda suka cike takardar da harshen da suka tashi da shi. Shi kuwa mutanensa teloli ne a Kasuwar Barci, ko malaman firamare a Rigasa, ko ma'aikatan jinya a Barnawa. Wannan lamba ba tasa ba ce. Aminci ba ya manne wa takarda ya bi ta duk inda aka kai ta. Siffa ce ta makin da wasu mutane suka samu, da wani harshe, a wani yanayi. Duk wanda ya raba takardar ga sababbin mutane, wajibin sake aunawa ya hau kansa, kuma aikin bai fi ƙarfin ɗalibin digirin farko ba.

Me ake aunawa?

Masana gwaji suna ɗaukar kowane maki a matsayin abu biyu da suka cakuɗe: ainihin halin mutum, da kuskuren awo. Kuskuren ya haɗa da gajiya, da rashin fahimtar tambaya, da ƙarar janareta, da saurin a gama a tafi masallaci. Lambar aminci tana tsakanin 0 da 1, tana nuna kaso nawa na bambancin makin mutane ne ya fito daga bambancinsu na gaskiya. In ta kai 0.80, kusan kashi 80 cikin ɗari ke nan, sauran 20 hayaniya ce.

Kada a haɗa wannan da inganci, wato ko takardar tana auna abin da aka ce tana aunawa. Mudun da aka buga wa gindi zai ba ka awo iri ɗaya yau da gobe da jibi, amma duk awon a tauye yake. Yana da aminci, ba shi da inganci. Sai dai ma'aunin da bai ma tsaya wuri ɗaya ba, maganar ingancinsa ba ta taso ba, shi ya sa ake farawa daga nan.

Da farko, san takardarka

Yawancin takardun da ake amfani da su an gina su ne kan manyan halaye biyar: son cuɗanya da jama'a, daɗin zama da sauƙin kai, tsari da riƙon aiki, saurin damuwa, da son sabon abu. Wadda ɗalibai suka fi ɗauka ita ce BFI (Big Five Inventory, wato takardar manyan halaye biyar), ta Oliver John da abokan aikinsa ta 1991, mai jimloli 44: 8 na cuɗanya, 9 na daɗin zama, 9 na riƙon aiki, 8 na damuwa, 10 na son sabon abu. Sabuwarta, BFI-2 ta 2017, jimloli 60 ne. NEO-PI-R ta Costa da McCrae ta 1992 tana da 240, kuma saye ake yi. Rumbun IPIP na Lewis Goldberg kyauta ne a intanet, kowa yana iya ɗiba ya fassara. Akwai kuma TIPI ta 2003 mai jimloli 10 kacal.

Abu biyu za ka rubuta a gefe kafin komai: wace jimla ce ta wane hali, da kuma waɗanne ne aka rubuta a juye. A BFI mai 44, jimloli 16 a juye suke. Takarda ɗaya ce a hannu, amma ma'auni biyar ne a cikinta, saboda haka lambobin aminci biyar za ka fitar. Wanda ya zuba duk 44 a manhaja ya fito da lamba ɗaya bai auna komai ba, domin babu wani hali guda da saurin damuwa da son sabon abu suka haɗu suna aunawa. Wannan kuskure na gani fiye da kowane, kuma yana wucewa har wajen kare kundi ba a kama shi ba.

Fassara, da abin da ya fi fassara muhimmanci

In mutanenka da Hausa za su amsa, ka bi hanyar da Richard Brislin ya bayyana a 1970. Mutum ɗaya ya mayar da takardar Hausa. Wani daban, wanda bai taɓa ganin ta asali ba, ya mayar da Hausar zuwa Turanci. Sai a zauna a kwatanta, a gyara inda ma'ana ta kauce. Ka gina jimlolin da "Ina…" ko "Nakan…", kamar "Ina yawan magana", domin ka huta da rabon namiji da mace da "Ni mutum ne mai…" yake jawowa. Ka guji Hausar littafi. Hausar da ake yi a Tudun Wada da Kawo da Kakuri ita za ka nema, kuma ka tuna da yawa daga masu amsawa a garin nan Hausa harshensu na biyu ne.

Daga nan sai matakin da aka fi tsallakewa, wanda ni a wurina ya fi duk lissafin da ke gaba daraja. Nemi mutum takwas ko goma irin waɗanda za ka yi binciken a kansu, ka zauna da kowanne shi kaɗai. Karanta masa jimla, ya amsa, sannan ka tambaye shi: "Malam, da na karanta wannan, me ka fahimta? Me ya zo maka a rai kafin ka amsa?" Ka rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa.

A irin wannan zama ne za ka karanta wa dattijuwa "Ina da kirki ga kusan kowa", ta gyara mayafi ta ce, "Ai ɗan nan, ba ni zan faɗa ba, mutane ne za su faɗa." Ba ta ƙi amsawa ba. Tana gaya maka ne cewa yabon kai jahilci ne, don haka za ta zaɓi tsaka-tsaki ko da ita ce uwar marayun unguwa. Za ka karanta wa matar aure "Nakan yi shiru cikin mutane", ta tambaye ka, "A gaban surukai ko a gidan biki?" Tambayarta daidai ce, domin shirun kunya tarbiyya ce, ba shi ne rashin son jama'a da jimlar take nema ba. Jimlolin BFI da suka shafi kiɗa da zane su ma suna da nasu: wani zai amsa bisa fahimtarsa ta hukuncin kiɗa a addini, alhali mutum ne mai zurfin tunani da son sanin sabon abu. Jimlar lalaci kuwa, da wuya magidanci ya amsa wa baƙo cewa shi malalaci ne. Duk jimlar da mutum uku suka fahimta ta hanya uku, gyara ta tun yanzu. Manhaja za ta nuna maka daga baya cewa jimla ta lalace, amma ba za ta gaya maka dalili ba.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A 2013 Michael Gurven da abokan aikinsa sun gwada BFI a kan al'ummar Tsimane ta Bolibiya, halaye biyar ɗin ba su fito ba, amincin sassan kuma ya yi ƙasa. A 2019 wani binciken Rachid Laajaj da abokansa, kan bayanan ƙasashe 23 masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, ya nuna cewa tambayoyin halaye biyar ba sa auna abin da ake so da kyau idan wani ne yake karanta su baki da baki, kuma shi kansa mai tambayar yana tasiri a amsa.

Mutum nawa, kuma ta yaya?

An saba da mutum 30 a gwajin somin-taɓi. Sun isa a gano jimlar da ta rikita mutane, amma ba su isa a kafa lamba ba. Ga lissafin: sashe mai jimloli 8, in ka samu 0.70 daga mutum 30, ainihin lambar tana iya kasancewa ko'ina daga kusan 0.50 zuwa 0.84. Daga mutum 200 kuwa tazarar takan tsuke zuwa kusan 0.63 da 0.76. Don haka ka yi somin-taɓin, ka gyara, sannan ka sake lissafin aminci a kan dukkan mutanen babban binciken. Wannan ta biyun ita ce ta shiga rahoto.

Kuma mutanen somin-taɓi su yi kama da na binciken. In 'yan kasuwa za ka bincika, kada ka gwada a kan 'yan ajinku a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ko Kaduna Polytechnic don sun fi sauƙin samu.

Zaɓin amsa biyar ne a bisa tsarin da Rensis Likert ya kawo a 1932: ban yarda ba sam, ban yarda ba, tsaka-tsaki, na yarda, na yarda ƙwarai. Ga wanda ake karanta wa, biyar a lokaci guda sun yi yawa. Raba tambayar biyu: "Hajiya, haka kike ko ba haka kike ba?" Bayan ta amsa, "Sosai ko kaɗan?" Duk masu taya ka tambaya su yi amfani da kalmomi iri ɗaya, kada wani ya riƙa ƙarin bayani daga kansa. A yi tambayar inda maigida ko ogan shago ba ya ji, kuma a gidajen da ake kulle mace ta tambayi mace. A saman kowace takarda a rubuta harshen da aka yi amfani da shi, da ko mutum da kansa ya cike ko karanta masa aka yi, da lambar wanda ya karanta. Ka nemi yardar kowa kafin ka fara, kada ka rubuta suna. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shafi irin abin da kake tattarawa.

Shigar da amsoshi da juya maki

A Excel, kowane mutum layi ɗaya a kwance, kowace jimla layi ɗaya a tsaye, lamba 1 zuwa 5. Inda ba a amsa ba ka bar gurbin fayau, kada ka sa 0. Bayan ka gama, ɗauko takarda ɗaya cikin kowace goma ka sake duba abin da ka shigar. Ka nemi duk wata lamba da ta wuce 5, domin 44 da yatsa ya danna a maimakon 4 ta isa ta rusa lissafin sashe guda. Ka ware takardun da aka yi wa maki ɗaya daga sama har ƙasa: wanda ya yarda ƙwarai cewa yana yawan magana, ya kuma yarda ƙwarai cewa yakan yi shiru, da alama bai karanta ba, ko kuwa kara yake yi maka.

Sai juyawa. A ma'auni mai zaɓi biyar, cire makin daga 6: 5 ya koma 1, 4 ya koma 2, 3 yana nan. Yi wannan a sabon layi, ka bar na asali yadda yake, don kada ka juya sau biyu ba ka sani ba. In ka ga alfa, lambar amincin da za a lissafa a gaba, ta fito ƙasa ƙwarai ko ma da alamar ragi a gabanta, fara dubawa nan kafin ka zargi mutanenka.

Lissafin alfa

Alfa, wadda Lee Cronbach ya bayyana a 1951, tana duba yadda jimlolin sashe ɗaya suke tafiya tare. Kana iya yinta da hannu, kuma ina ba da shawarar a yi sau ɗaya don a san abin da manhaja take yi. Fitar da warwatsuwar makin kowace jimla, wato yadda makin mutane ya bambanta da juna, da umarnin VAR.S na Excel, ka tara su. Tara makin kowane mutum a sashen, ka fitar da warwatsuwar wannan jimillar. Raba ta farko da ta biyu, ka cire sakamakon daga 1. Sai ka ninka da adadin jimloli, ka raba da adadin jimloli ban da ɗaya. A ce jimloli 5 ne, warwatsuwarsu a tare 6, ta jimilla 15. Shida a raba da 15 ya ba da 0.4. An cire daga 1, saura 0.6. A ninka da 5 a raba da 4, alfa ta zama 0.75.

A manhajar lissafi ta SPSS, ka shiga Analyze, sai Scale, sai Reliability Analysis, ka zuba jimlolin hali ɗaya kaɗai, a ƙarƙashin Statistics ka zaɓi Scale if item deleted. Wanda ba shi da lasisin SPSS ya sauke jamovi, kyauta ce kuma ba ta buƙatar intanet bayan an girka ta. A can ana shiga Factor ne, sai Reliability Analysis. Maimaita sau biyar, hali bayan hali.

Yanzu karatun lambar. Maganar cewa amincin da ya kai 0.70 ya wadatar, wadda kowa yake jinginawa ga Jum Nunnally, a littafinsa na 1978, ya faɗe ta ne game da matakin farko na bincike. Ga bincike da ya kankama ya ce 0.80, ga inda za a yanke hukunci kan mutum guda kuwa ya ce 0.90 ne mafi ƙaranci. Sannan alfa tana hawa da yawan jimloli ko da ba su da wata alaƙar kirki. Jimloli 8 da matsakaicin alaƙarsu (lambar da ke nuna yadda amsoshin kowace jimla biyu suke tafiya tare) ya kai 0.30 suna ba da kusan 0.77. Jimloli 30 da alaƙarsu ba ta wuce 0.15 ba suna ba da 0.84. Jimloli 2 masu alaƙar 0.30 kuwa 0.46 kawai za su bayar. Shi ya sa a rahoton asali na TIPI, mai jimloli biyu ga kowane hali, alfar daɗin zama ta tsaya a 0.40, kuma masu ita suka dogara da gwajin maimaici, wato sake ba mutanen takardar bayan wani lokaci. Saboda haka kullum ka kawo matsakaicin alaƙar jimloli tare da alfa. In kuma ta haura 0.95, duba ko tambaya ɗaya ce ka yi ta maimaitawa da sauyin kalma.

Teburin da ya fi amfani shi ne mai nuna alaƙar kowace jimla da jimillar sauran. Wadda ta gaza 0.30 abar tuhuma ce. Koma ga rubutun zamanka da mutane ka ga me suka ce a kanta, sau da yawa amsar tana can. A nan ne jarabar take: manhaja tana nuna maka yadda alfa za ta hau in ka goge jimla, sai ɗalibi ya yi ta gogewa har ya ga 0.70. Kada ka yi haka. Abin da ya rage ba shi ne ma'aunin da ka ambata a babi na biyu ba, kuma ba za a iya kwatanta sakamakonka da na kowa ba. In dole ne a cire jimla, a cire ta da dalilin da za a iya faɗa da baki, a kuma kawo lambar kafin cirewa da bayanta.

Alfa tana ɗauka cewa duk jimloli nauyinsu ɗaya wajen auna halin, abin da da wuya ya tabbata. Omega, wata lambar aminci ta Roderick McDonald, ba ta da wannan sharaɗi, kuma a jamovi danna akwati ɗaya ne, don haka ka kawo su biyun in mutanenka sun kai ɗari biyu ko fiye. In amsoshin "e" ko "a'a" ne, kamar takardar Eysenck ta 1975, lissafin Kuder da Richardson na 1937 ake ambata, kuma sakamakonsa ɗaya ne da alfa. In malaminka ya nemi rabin-da-rabi, raba jimlolin zuwa na mara da na cika, fitar da alaƙarsu, ka gyara da dabarar Spearman da Brown ta 1910: ninka alaƙar da 2, ka raba da 1 haɗe da alaƙar. Alaƙar 0.60 ta zama 0.75.

Kafin ka rufe kwamfuta, sake lissafin a rarrabe: masu Hausa daban da masu Turanci, waɗanda suka cike da kansu daban da waɗanda aka karanta wa, in da hali har kowane mai tambaya daban. Lamba ɗaya ta gaba ɗaya tana iya ɓoye cewa takardar Turancin tana aiki, ta Hausar ba ta yi.

Gwajin maimaici

Hali abu ne da ake sa ran zai daɗe tare da mutum, don haka tambaya ta biyu ita ce ko makin yau zai yi kama da na wani lokaci. Zaɓi mutum 50 zuwa 100 daga cikin na farko, ka koma musu bayan mako biyu zuwa huɗu. Ƙasa da haka suna tuna amsoshinsu, in an daɗe ƙwarai kuma rayuwa tana iya sauya su da gaske. Don haɗa takardun biyu ba tare da suna ba, kowa ya rubuta lambar sirri da ba zai manta ba, kamar lambobi huɗu na ƙarshen wayarsa da watan haihuwarsa. Duba kalanda tukuna. Kada zagaye na farko ya faɗa tsakiyar azumi na biyu ya faɗa bayan Sallah, ko ɗaya a makon jarrabawa ɗaya a hutu, musamman ga sashen damuwa. Harshe ɗaya, hanya ɗaya, in zai yiwu mai tambaya ɗaya. Sai ka fitar da alaƙar makin farko da na biyu da umarnin CORREL, hali bayan hali, ka kuma kwatanta matsakaicin zagayen biyu, domin alaƙa tana iya yin kyau alhali kowa ya hau da maki uku. Ka rubuta mutum nawa ne ba a same su a zagaye na biyu ba.

Abin da lambar take nufi ga mutum ɗaya

Wannan ya shafi masu ba da shawara a makarantu da masu tantance ma'aikata. Cire lambar aminci daga 1, ɗauki tushen murabba'in abin da ya rage, ka ninka da ma'aunin tazarar maki, wanda STDEV.S yake bayarwa. A ce tazarar 5 ce, aminci 0.75. Saura 0.25, tushensa 0.5, kuskuren awo ya zama maki 2.5. Ninka shi kusan sau biyu, ka samu iyakar da ake da yaƙinin kashi 95 a kanta: wanda ya ci 30 a riƙon aiki, ainihin makinsa yana tsakanin 25 da 35. To wanda ya ci 30 da wanda ya ci 33 ba ka da hujjar cewa ɗaya ya fi ɗaya. Hana matashi aiki ko tura yarinya wani fannin karatu a kan irin wannan tazara zalunci ne, ko da ba a yi niyya ba.

Ga mai bincike kuma, ƙarancin aminci yana rage ƙarfin alaƙar da yake nema. In ainihin alaƙar riƙon aiki da wani abu 0.50 ce, amma amincin ma'aunan biyu 0.60 da 0.70 ne, abin da zai gani a teburinsa kusan 0.32 ne.

Rubuta rahoto

A yi tebur mai layi biyar, kowane hali da adadin jimlolinsa, da yawan waɗanda suka amsa, da alfa tare da iyakokinta, da omega, da matsakaicin alaƙar jimloli, da sakamakon maimaici da tazarar kwanakinsa. A ƙarƙashinsa a faɗi wanda ya fassara ta fuskar ƙwarewarsa, da yadda aka gabatar da tambayoyin, da duk jimlar da aka gyara ko aka cire da dalilin yin haka. A saka fassarar Hausar cikakkiya a rataye, domin ɗalibin baɗi ya ɗora daga inda ka tsaya.

In wani sashe ya fito 0.52, rubuta 0.52. Bayyana jimlolin da suka ja shi ƙasa da abin da mutane suka ce sun fahimta da su, ka faɗa a fili cewa duk sakamakon da ya rataya a wannan sashe a ɗauke shi da taka-tsantsan, sannan ka gina babi na huɗu a kan sassan da suka tsaya da ƙafarsu. In lokaci da kuɗi sun bari, sake rubuta jimlolin da suka gaza, ƙara biyu ko uku daga rumbun IPIP waɗanda suka dace da rayuwar mutanenka, ka gwada su a kan wasu sababbin mutane, ba waɗanda ka riga ka tambaya ba.